Mota Mai Ɗaki a Hanyar Zariya

Shekarun baya ne, cikin marka, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba ya wuni yana yayyafi, shanya ta gaji da igiya ba ta bushe ba. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba a Kaduna. Duk wanda zai kama hanya sai an bi shi da addu'a har bakin titi, kuma maganar da ake sallamar matafiyi da ita ɗaya ce: kada dai magariba ta same ku a daji.

A cikin wannan damina mahaifiyata ta zo mini kwana biyu a gidanmu na Abakpa. Wata safiya ta fito alwala, santsin gansakuka ya kwashe ta a tsakar gida, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki a asibiti, aka sa ƙarfe. Da aka sallame mu na gyara mata ɗakina, ni na koma tabarma, amma kullum maganarta ɗaya: a mai da ita ɗakinta. Garinmu yana gaba da Zariya kaɗan. Na lallashe ta har na gaji. Da muka koma ganin likita ya ce za ta iya tafiya, amma a kwance, ƙafar a miƙe, kuma ban da jijjiga. Ya ce idan ƙarfen ya goce sai an sake buɗewa, shi kuwa ba ya so ya sake kwantar da mai shekarunta a ɗakin tiyata. Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji.

To a nan ɗana na fari ya shigo cikin labarin. 'Yan matan yanzu za ku yi mini dariya, ku yi, ban hana ku ba. Mu a yadda muka tashi, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta ma nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, a hannunta ya girma, Inna yake ce mata, ni kuma Yaya. Ga shi kuma sunan mahaifina marigayi aka sa masa, saboda haka ita ma Innar ba ta faɗin sunan, Maigida take ce masa, su yi ta wasan kaka da jika. Ni idan ina da magana da shi sai in faɗa wa ƙanwata ta isar, ko in faɗa wa iska yana kusa, in ce, "A ce wa masu fita su taho da omo." Har ya yi gemu ya zama direba, yana jigila tsakanin Kawo da Kano a ƙananan motocin haya, haka muke.

Shi ya samo motar. Maigidansa dillalin motoci ne a Mando, ya shigo da wata daga waje, ta daɗe a ajiye ba mai saye. Ranar da aka kawo ta ƙofar gidanmu unguwa ta fito kallo. Doguwa ce, mai tsayi, fara. A ciki akwai gado sosai a can ƙurya ta baya, ga kabad-kabad a sama, ga wurin girki har da famfo, sai ɗan lungu da za ka bi ka isa kujerar direba. Wata maƙwabciyata ta leƙa ta ce, "Wannan ai in mijinki ya ɓata miki rai sai ki yi yaji da ɗakinki gaba ɗaya."

Mai motar da kansa ya kawo ta. Ina daga bayan ƙyaure na ji yana ja wa yaron kunne.

"Ka ga wannan, gida ne aka ɗora wa taya. Ba irin 'yan ƙananan da ka saba fella wa gudu ba ce. Tana da tsayi, iska na kama ta, kuma in ka taka birki ba nan take take tsayawa ba. Lallaɓa ta za ka yi."

"Ba komai, Alhaji," in ji shi. "Mota ai mota ce."

Wannan "mota ai mota ce" ɗin ba ta yi mini daɗi ba, amma na haɗiye.

Mun shirya tashi da hantsi. Sai ruwa ya sauko. Da ya tsagaita sai ga masu sallama, wannan ta shigo da ƙullin daddawa, waccan ta ce a jira ta gama suyar cincin, Inna kuwa ba za ta bar kowa ya tafi ba ta yi masa addu'a ba. Ƙanwata, wadda na sa rai za mu tafi tare, ta bugo daga Malali ta ce 'yarta ta tashi da zazzaɓi. Sai da muka yi la'asar sannan maza suka ɗauko Inna a kan katifa, suka shigar da ita. Na jera matasai a gefen ƙafar, na zauna a bakin gadon. Mu uku ke nan a motar.

Inna ta dubi rufin motar, ta dubi labule, ta ɗaga murya.

"Maigida, yau dai ka yi abin kai. Tun da ka aure ni sai yau ka yi mini ɗaki."

"Na aro ne, tsohuwa, kada ki saba."

"Ji marowacin banza. To ja mu je, kada kishiyoyina su ga ɗakin su ce su ma sai an yi musu."

Cikin gari lafiya lau, cunkoso ya hana kowa gudu. Muka haye Kawo, muka wuce Rigachikun, hanya ta buɗe. Na ga ya ɗaga kai ya dubi sama ta gilas, inda hadari ya sake haɗowa ta gabas, ya dubi agogon hannunsa, sai na ji ƙarar injin ta canja.

Wanda bai taɓa zama a bayan irin wannan mota ba ba zai gane ba. Shi a gaba yana riƙe da sitiyari, kujerarsa na shanye komai. Mu a baya kamar an sa mu a faifai ana sheƙa. Ramin da tayar gaba ta tsallake, ta baya sai ta faɗa. Idan tirela ta wuce mu, iskarta sai ta bugi jikin motar, ki ji gidan gaba ɗaya ya karkata gefe, ya dawo, ya sake karkata kafin ya daidaita. Ƙofar wani kabad ta buɗe, kofuna suka zubo suna gangarawa a lungu. Na sa hannu biyu na riƙe ƙafar Inna, ɗaya a gwiwa ɗaya a cinya, na danne matashin da gefen jikina.

Na fara da yadda na saba. Na ce, da ɗan ƙarfi, "Inna, motar nan kamar rawa take yi."



Can na sake cewa, "Masu mota dai na ji sun ce lallaɓa ta ake yi."

Ko bai ji ba ne saboda ƙarar injin, ko ya ji ya ɗauka hirarmu muke, Allah masani. Inna kuwa maimakon ta taya ni, sai ta ɗaga murya ta ce, "Maigida, ashe ka iya tuƙi? Da na ɗauka turin baro kake yi a Kawo."

Ya yi dariya ya ce, "Ki bari in kai ki kafin duhu, sai ki biya kuɗin mota."

Ya ƙara wuta.

Na dubi fuskarta. Bakinta na wasa, amma goshinta ya jiƙe da gumi, ga sanyin damina. Hannunta na can gefen bango ya damƙe bakin katifa har jijiyoyin sun fito. Na sunkuya na ce a hankali, "Inna, ciwo yake yi?"

Ta ce, "Rabu da shi. Tsoron dare yake ji mana. Yaron ya yi ƙoƙari, kada a kashe masa gwiwa."

Kun ji fa. Ita ba za ta faɗa ba don kada ran jikanta ya ɓaci, ni ba zan faɗa ba don kunya, shi kuma yana can yana gudu don ya cece mu. Kowa na kyautata wa kowa, ƙafa na shan wahala.

Abin da na yi bayan nan, har yau idan ƙanwata ta so tsokanata shi take tayarwa. Na saki hannu ɗaya, na lalubo wayata a jaka. Ni da sai da na aurar da 'ya sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, neman suna a waya ma a zaune lafiya sai na natsu, balle mota na jefa ni. Da ƙyar na samo lambar ƙanwar tawa. Na rufe bakina da mayafi na yi ƙasa da murya.

"Ki kira shi ki ce ya rage gudu."

"Wa?"

"Shi mana. Direban."

"Yaya, ke kina ina?"

"Ina cikin motar."

"Shi kuma yana ina?"

"Yana gaba."

Sai na ji ta fashe da dariya har tana tari. "Yaya, don Allah! Daga Malali zan kira mutumin da kike ganin ƙeyarsa?"

"Ki dai kira. Inna na jin jiki."

Da ta ji haka ta daina dariyar. Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara. Sai a lokacin na ga wautata, domin hannu ɗaya ya saki daga sitiyari yana laluben aljihu, motar ta ɗan ja gefe. Ya kara a kunne ya ce, "Anti, muna hanya, lafiya lau, in mun sauka zan kira," ya kashe tun ba ta ce komai ba. Na mai da wayata jaka na yi tsit, kamar ba ni ba.

Muka wuce Maraban Jos, muka wuce Birnin Yero. Yayyafi ya fara. Gaba da Jaji akwai inda ake gyaran hanya, an haɗe masu zuwa da masu komowa a hannu ɗaya. Nan muka cim ma wata tankar mai tana tafiya a hankali. Ya leƙa zai wuce ta, ya ga mota na tahowa, ya koma. Ya sake leƙawa, ya sake komawa. Duk leƙawa ɗaya, bayan motar sai ya yi wutsiya, mu da gadon mu tafi dama mu dawo hagu. Ina ta La'ilaha illallahu a zuci, hannuwana sun sage.

A leƙawa ta gaba ya fita sosai, ya taka. Tayar baya ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Gadon ya ɗaga mu ya sauke. Matashin ya zame ya faɗi ƙasa, na ji ƙafar ta juya a hannuna. Inna ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije, wani sauti ya fito mata ta hanci, irin wanda ban taɓa ji daga gare ta ba, ko ranar da ta faɗi.

Ban san lokacin da na kira sunansa ba. Sunansa na yanka, sunan mahaifina, a gaban mahaifiyata, da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba.

Ya ɗaga ƙafa daga totur. Motar ta ja baya, ta koma bayan tankar. Na ga idonsa a madubi, ya zaro su kamar wanda aka tasa daga barci.

"Na'am, Yaya?"

Tun da an riga an fasa, sai na ƙarasa. Na ce, "Ka rage gudu. Ka bar tankar nan ta yi gaba, mu bi ta."

"Yaya, dare zai yi mana a hanya."

"Ya yi."

"Wurin nan ba kyau in duhu ya yi."

"Na sani. Ƙafar Inna ta juya a hannuna. Mu nan baya ba abin da kake ji muke ji ba."

Ya gyara madubin ya hango gadon. Sannan ya ce, da wata ƙaramar murya, "Inna? Da gaske?"

Inna ta zare mayafin daga baki. Hawaye na gangara mata ta gefen ido zuwa kunne, amma abin da ta ce shi ne, "Oh ni, yau na ji abin da ban taɓa ji ba. Duniya ta zo ƙarshe, 'yar nan ta kira sunan Malam gatsal a gabana."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ce, "To nawa zan riƙa yi? Faɗa mini."

Na hango allurar malejin daga inda nake, lambobin ma ina iya karanta su, amma ina na san wacce ce daidai? Na ce, "Ni ban san lambarku ba. Ka yi ta ragewa har in iya sakin ƙafar nan ba ta motsa ba."

Ya rage. "Yanzu fa?"

"Ƙara."

Ya ƙara ragewa. "Yanzu fa, Yaya?"

Na ɗaga hannuna a hankali daga gwiwar. Ƙafar ta zauna. Na ɗauko matashin na mayar. Na ce, "Haka ya yi."

Kada ku ɗauka hankalina ya kwanta daga nan. Tsoro ne ya tashi daga ƙafa ya koma taga. Ƙananan motoci suka yi ta wuce mu fuu, fuu, kowa na tseren magariba, har suka fara ƙaranci. Gari ya yi jaa, ya yi toka-toka, gonakin masara na gefen hanya suka zama baƙi. Tankar da nake jin daɗin ganin fitilunta a gabanmu ta ratse wani ƙauye ta tsaya, muka rage mu kaɗai, farar mota ƙatuwa da ake hangowa daga nesa, tana tafiya kamar ta amarya. Na ce a raina, idan wani abu ya same mu a dajin nan, bakina ne ya jawo. Da na yi shiru da yanzu mun kusa. In dubi ƙafa in ce gara haka, in dubi taga in ce anya. Inna na jan carbi, ni ina karanta duk abin da na haddace, in kai ƙarshe in sake ɗaukowa.

Shi kuma duk bayan ɗan lokaci sai ya ce, "Yanzu fa?" In ce, "Haka ya yi." Idan ya hango rami sai ya ce, "Ga rami nan, Yaya, ki riƙe." In riƙe, mu wuce, in ce, "Mun wuce lafiya." Tun da na haife shi ban taɓa yin magana mai tsawo da shi kamar ta wannan yammacin ba, kuma duk ba ta wuce wannan ba.

Can muka hango hasken tocila a tsakiyar titi ana kaɗa mana. Na damƙe hannun Inna ina salati. Na ji shi ma ya ce, "Innalillahi," a hankali. Sai da fitilarmu ta haska buhunan yashi da kaki sannan na gane jami'an tsaro ne. Ɗaya ya zagayo ya haska ciki, ya ga gado da labule da tsohuwa a kwance, ya ce, "Mama, wannan mota ce ko gida?"

Inna ta ce, "Ɗakina ne, ɗana. Ka shigo ba sallama."

Ya yi dariya ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ɗaga mana hannu. Ba mu yi nisa ba fitilun Zariya suka bayyana. A gida muka haɗa magariba da isha'i.

Da aka kwantar da ita a ɗakinta, mutane suka ragu, ina gyara mata zanin rufa sai ta kama hannuna. Na ɗauka faɗan sunan za ta yi. Ta ce, "Da ba ki yi magana ba, ni ba zan iya ba." Ta saki hannun ta juya fuska bango. Ba mu sake tayar da zancen ba har ta bar duniya, Allah ya jiƙanta. Hoton da aka ɗauka daga baya ya nuna ƙarfen na nan inda aka sa shi. Ta taka da sanda, ta yi shekaru tana zuwa barka da gaisuwa da ƙafarta.

Har yau ban san lambar da ta dace a yi da irin wannan mota ba. Shi ya sani yanzu, na taɓa jin yana yi wa wani direba bayani a ƙofar gida, har yana ce masa kafin ya duba maleji ya fara tambayar wanda ke zaune a baya. Kunyar ɗan fari kuwa ban zage ta ba, a cikinta na tashi, kuma akwai daɗinta da ba zan iya bayyana wa wanda bai sani ba. Sai dai duk lokacin da na tuna tsawon hanyar da na yi ina riƙe da ƙafar mahaifiyata, maganar na bakina, ɗana na gabana, ni kuma ina laluben lambar Malali, sai in ji gabana ya faɗi kamar yanzu abin ke faruwa. Daga Rigachikun ya kamata in yi magana, ba sai Jaji ba.

Washegarin ranar da muka kai ta gida, da sassafe na dama koko, na sayi ƙosai a maƙwabta. Yaron a cikin motar ya kwana, a ƙofar gida. Gidan cike yake da waɗanda zan iya aika, amma na yafa mayafi na ɗauka da kaina. Na tsaya a jikin motar da kwano a hannu, na buɗe baki, sunan ya zo har kan harshena ya tsaya. Sai na ƙwanƙwasa ƙarfen na ce, "A gaya wa direba kokonsa na hucewa."

Daga ciki na ji ya yi dariya. Ya ce, "An gaya masa, Yaya."

Ban ajiye na tafi ba. Na tsaya har ya buɗe, na miƙa masa a hannu.